Tukunyar da Ba Ta da Waya

"Kawu Oumarou, wace ce kumfar Baba a ciki?" in ji Haula.

Muna tsaye a bakin wani tsohon ramin fasa dutse da ruwa ya cika, tafiyar awa guda daga Woodbridge, garin da muke zaune a ƙasar turawa. Mutane kan zo ramin su yi nutso don nishaɗi. Kumfa biyu ke tasowa a tsakiyar ruwan, ɗaya ta ubanta Mudathir, ɗaya ta Abby, baturiyar da ke koyar da nutso a wurin. Minti talatin da biyar ke nan da shigarsu.

Shekara goma sha ɗaya shinge ɗaya ya raba gidana da na Mudathir. Ni direba ne daga Damagaram, ban yi boko ba. Shi mutumin Yawuri ne, a bakin kogi ya tashi, da ƙuruciya ya bi turawa nutso a tekun Legas. Yana cika shekara saba'in da ɗaya 'yarsa ta shirya masa wannan shiga ruwa, wai kyautar ranar haihuwa. Na ce masa tsoho da furfura ba ya wasa da ruwa. Ya ce, "Kai Badamagare, ruwan da ka sani na buta ne."

A garejinsa akwai tsohuwar tukunyar iska ta masu nutso, irin ta zamaninsu, ya sha nuna mini ita. A gefenta akwai wata siririyar waya ta ƙarfe. Ya ce a da babu agogon da ke gaya maka iska ta kusa ƙarewa. Sai ka ji numfashi ya yi nauyi, ka kai hannu baya ka ja wayar, ragowar iska ta buɗe, ka hau sama a hankali. "Tukunyar ce ke yi maka magana," haka yake cewa.

Da safen nan, da Abby ke ɗaura masa kaya, na duba bayansa ban ga waya ba. Na ga rigar da ke kumbura da iska, da tiyo har huɗu, da agogo mai kwamfuta a hannunsa. Abby ta nuna masa lambobin agogon, ta ce ya riƙa dubawa, idan sun sauko ya yi mata alama. Ya ce da ita da Turanci ya gane sarai. Sannan ya cire tabaransa ya miƙo mini.

Na matsa kusa da shi na ce da Hausa, "Sarkin Ruwa, ina wayar?"

"An daina yinta."

"To lambobin nan, kana ganinsu babu tabarau? Kai da ko kwalin magani sai ka nisanta da fuskarka?"

Ya dubi inda Haula take, tana ɗaukarsa hoto. Ya rage murya. "Kada ka kunyata ni gaban yarinya, Oumarou. Jikina ya san ruwa."

Na yi shiru. A wurinmu dattijo ba ya tona ɗan'uwansa dattijo gaban 'yarsa, balle gaban baƙuwa. Kalma uku ta Turanci ta ishe ni in gaya wa Abby, kuma ina da su. Na haɗiye su.

"Kawu, ɗaya ta tsaya," in ji Haula. Ta kama hannun rigata. "Ɗaya ta tsaya!"

Gaskiya ne. Kumfa ɗaya ce ta rage. Na ƙirga numfashina, ɗaya, biyu, har goma. Sai ruwan ya dare, Mudathir ya fito da ƙarfi har zuwa ƙugu, kamar an harbo shi, ya faɗi rigingine. Bai ɗaga hannu ba. Can Abby ta ɓullo tana ihu a kira motar asibiti, ta riƙo wuyan rigarsa tana ja.

Muka fito da shi kan tsakuwa. Akwai kumfa mai ja-ja a bakinsa. Idonsa a buɗe, ya same ni.

"Direba," ya ce da ƙyar. "Na ja... babu."

"Yi shiru. Yi salati."

Ya motsa leɓe. Abby ta sa masa iskar asibiti a hanci, tana yi wa Haula bayani da sauri. Na tsinci abin da na iya. Ta tambaye shi sau biyu a ƙarƙashin ruwa, ya yi mata alamar lafiya lau. Da iskarsa ta ƙare ta miƙa masa tiyonta na biyu, wanda aka yi don irin wannan rana, bai ko kalle shi ba. Sai kai hannu baya yake yi, yana lalube, yana lalube. Ita ba ta san me yake nema ba. Daga nan ya taho sama a guje, numfashi a riƙe, huhunsa ya fashe.

Kafin la'asar ya cika a asibiti. Allah ya ji ƙansa.

Bayan kwana uku Haula ta same ni a bakin shinge. Hausarta ba ta da yawa, amma ranar da ita ta yi mini magana.

"Kawu, me kuka ce da Baba kafin ya shiga? Na gan ku."

Na gaya mata duka, ban rage ba, har da shirun da na yi. Ta daɗe tana kallona.

"Da ka faɗa, da ban bar shi ya shiga ba," ta ce.

"Na sani."

Ta buɗe bayan motarta ta ciro tawul ɗin da ta kai masa ya goge jiki idan ya fito, a naɗe yake ba a taɓa shi ba. Ta rungume shi ta shiga gida. Na tsaya nan har fitilar ƙofarsu ta kunna kanta.