Ɓera Mai Lamba Sha Bakwai

"Matso da fitilar nan," in ji Farfesa, ba tare da ta ɗago kai ba.

Auta ta matso da ita. Ɓera mai lamba sha bakwai yana kwance a kan tire, an buɗe cikinsa, Farfesa ta sa hantsaki ta ɗago ƙodarsa. Shekara shida Auta tana aiki a wannan ɗakin bincike na jami'a. Ita ke ba ɓerayen abinci, ita ke auna su, ita ke ɗura musu magani, saboda haka ta san yadda ƙodar lafiyayyen ɓera take: 'yar ƙarama, jawur, sumul. Wannan kuwa ta kumbura, ta koɗe, duk ta yi tabo.

"Na uku ke nan yau," in ji Farfesa. "Kuma duk daga kejin masu shan ruwan ɓawon nan ne."

Aikin nasu ba boyayye ba ne. Sukan ba ɓeraye gubar maganin ƙwari har tsokarsu ta zube, su koma jan ƙafa, sannan su gwada musu wani ruwa da suka tace daga ɓawon wata bishiya. Abin ya yi aiki har ya ba kowa mamaki. Ɓeran da ba ya iya kai bakinsa ga ruwa, cikin mako biyu sai ga shi yana hawan wayar keji. Farfesa, wadda dariyarta sai an yi sa'a, ranar har lemo ta saya wa kowa.

Abin da Farfesa ba ta sani ba shi ne, kwana goma sha ɗaya da suka wuce Auta ta buɗe firij, ta tsiyayi ruwan a kwalba, ta sa a jaka ta kai wa yayanta.

Yaya mai feshin maganin ƙwari ne a manyan rumbunan ajiyar kaya. Wata rana tankin da yake goyo ya tsage, maganin ya yini yana jiƙa masa baya, shi kuwa da taurin kai ya ce sai ya gama layin. A asibiti an ceto ransa, amma tun daga nan naman jikinsa ya shiga zubewa. Wata takwas ke nan, mutumin da ke hawa tsani da tanki a baya ya koma ba ya zuwa banɗaki sai an riƙe shi. Kullum Auta ta dawo aiki Umma sai ta faɗa: "Ke kina can kina tayar da ɓeraye, ɗan'uwanki yana nan yana ƙarewa." Maganar ta yi ta cin ta har ranar da ta buɗe firij ɗin.

"Farfesa," in ji Auta, "da a ce mutum ne ya sha fa?"

Farfesa ta dube ta ta saman tabarau. "Mutum kuma? Wa zai ba mutum abin da ba a gama gwadawa ba?"

"Tambaya ce kawai."

"Fitsari zai ragu, ƙafa ta kumbura, ƙoda ta tsaya. Abin takaicin ma, ƙarfin ba ya tafiya. Wannan da kike gani, jiya da yamma yana hawan keji."

Auta ta ce kanta ke ciwo. Ta cire safar hannu, ta fita ko farar rigar aiki ba ta tuɓe ba.

Sau bakwai ta kira Umma kafin ta samu bas, wayar tana ta ƙara babu mai ɗauka. Ta san inda take, ƙarƙashin matashi, inda Umma ke ajiye ta don kada ta lalace. Ƙarfe ɗaya da kwata. Ita Auta ce ta ce wa Yaya cokali ɗaya kullum da ƙarfe biyu, bayan ta yi lissafin nauyinsa a bayan wata ambulan kamar wata babbar likita. A shataletale bas ɗin ya tsaya cak, kwandasta ya sauka yana cacar baki da wani mai kura. Tsoro ya cika Auta. Ta sauka ta ƙarasa da ƙafa, rabi tafiya rabi gudu.

Tun daga ƙofar gida ta jiyo ƙarar guduma.

Yaya ne a tsaye, a tsaye da ƙafafunsa, yana buga ƙusa a ƙofar kicin da ta yi wata da watanni tana lilo. Umma na zaune a kan kujera, baki har kunne.

"Ga likitarmu! Auta, zo ki gani da idonki. Tun safe na ce ya zauna ya ƙi. Har shagon aski ya je shi kaɗai!"

"Malamar ɓeraye," in ji Yaya yana dariya, "yau korar ki aka yi da rana tsaka?"

Ƙafarsa Auta take kallo. Silifas ɗin ya matse shi, madaurin ya nutse cikin nama. Ta durƙusa ta danna idon sawunsa da babban yatsa, ta ɗaga. Ramin ya zauna, bai ciko ba.

"Yaya, yau sau nawa ka yi fitsari?"

"Ke Auta, ba ki da kunya? A gaban Umma?"

"Don Allah sau nawa?"

Ya daina dariya. "Tun jiya da safe dai... ɗan kaɗan."

"Cokali nawa kake sha?"

Umma ce ta amsa. "Da muka ga yana karɓar sa, ai sai na ce ya riƙa yin uku. Laifi ne?"

Nan Auta ta zauna a ƙasa ta faɗa musu komai, ƙodar, ɓeraye ukun, har da cewa babu wanda ya ba ta maganin, ɗaukowa ta yi. Umma ta dafe ƙirji tana salati. Can ta ce a hankali, "To a daina sha mana, a yi shiru. In kika faɗa musu ai korar ki za su yi. Da me za mu riƙe gidan?"

"Umma, in na kai shi asibiti ban faɗi abin da ya sha ba, lalube za su yi ta yi. Mutum ɗaya ce ta san abin da ke cikin kwalbar nan."

Ta kira Farfesa a gabansu. Ta yi bayani cikin jimla huɗu.

"Ki kawo shi asibitin koyarwa yanzu," in ji Farfesa. "Ki taho da kwalbar, kada a zubar da ko ɗigo, ina son in ga abin da ya rage. Zan jira ku a ƙofar sashen gaggawa. Maganata da ke kuma tana nan, ba yau ba."

Kafin Auta ta ajiye wayar Yaya ya shiga ɗaki ya fito da kwalbar. Saura kamar kashi ɗaya cikin uku. Bai miƙa mata ba.

"In na daina, zan koma yadda nake?"

Ta so ta yi masa ƙarya. "Wataƙila, Yaya."

"Kin san me ake ji in uwarka ce ke kai ka banɗaki? Ina da shekara talatin da tara, Auta."

"Na sani."

"Ba ki sani ba."

Ta kama wuyan kwalbar ta ja. Kwalbar ko motsi ba ta yi ba. Ta sa hannu biyu, ta kafa ƙafa, ta ja da iya ƙarfinta tana kuka, Umma na cewa ku bari, ku bari don Allah. Shi kuwa hannu ɗaya ya riƙe, bai ma ja ba. Ya tsaya yana kallon hannun nasa, jijiyoyin sun taso, kamar hannun wani ne aka ara masa.

Ba ita ta ƙwace ba. Shi ya buɗe yatsunsa da kansa, ɗaya bayan ɗaya.

"Bari in kira mota ta shigo har ƙofa," ta ce tana share ido da hannun riga.

"A'a." Ya ɗauki gudumar, ya ƙarasa buga ƙusar da ya fara, ya gwada ƙofar sau biyu ya ga ta zauna. "Ki ce ta jira a bakin titi. Ku bar ni in taka da ƙafata tun da sauran ƙarfi a cikinta."