Alƙibla a Ɗakin Ajiya

Yayana ya musulunta ranar wata Juma'a, kuma ni ce ta farko da ya gaya wa a gidanmu. Ya kira ni shagonsa na gyaran kayan wuta, ya share min benci, ya aika aka sayo min lemo mai sanyi. Tun a nan na san akwai magana, domin Yaya ba ya sayen lemo a banza.

Ba zan ce na ji daɗi ba. Amma na dubi fuskarsa na ga wata natsuwa da ban saba gani ba, sai na haɗiye abin da na yi niyyar faɗa, na tambaye shi ko Mama ta sani. Ya ce ai shi ya sa ya kira ni.

Mamanmu ita ce shugabar zumuntar mata a cocinmu, kuma ba mai faɗa ba ce. Da mai faɗa ce da da sauƙi. In ka ɓata mata rai shiru take yi, ka gaishe ta ta amsa wa bango. Yaya kuwa ɗan gaban goshinta ne, kowace Lahadi a gidanta yake cin abincin rana. Ya ce min zai iya jure maganar kowa, amma in Mama ta rufe masa ƙofarta bai san inda zai sa kansa ba. Ya roƙe ni in yi shiru har ya sami bakin gaya mata.

Limamin ƙaramin masallacin da ke bayan shagunan shi ya laƙƙana masa kalmar shahada, ya nuna masa yadda ake wankan shiga Musulunci, ya ce saura alwala da salla, a bi a hankali. Sai dai maƙwabtan shago duk sun zama malamai a rana ɗaya. Mai walda ya ce ya sauya suna, mai faci ya ce ya tara gemu, tela kuwa har ya ɗauko abin awo zai rage masa tsawon wando. Da Yaya ya kai kuka wurin liman, dattijon ya yi dariya ya ce ya bar su, ya riƙe sallolinsa biyar a kan lokaci tukuna, kuma kada ya kuskura ya rage zuwa gaida mahaifiyarsa, domin kyautata mata na cikin addinin da ya shiga.

Ni kuma aka mai da ni mai duba karatu. Ina riƙe da waya ina kallon yadda ake alwala, shi yana tsugune gaban buta, ina tsawata masa duk sanda ya wanke ƙafa kafin ya shafi kai. Fatiha kuwa, ba don yabon kai ba, na riga shi haddacewa. Abu ɗaya ne ba mu taɓa bi ta kansa ba: alƙibla. A masallaci yana shiga sahu ne kawai ya kalli inda kowa ke kallo, a ɗakinsa kuma tela ya zo ya ce masa ya riƙa fuskantar kabad ɗin kaya, shi ke nan.

Lahadin da abin ya faru, Yaya ya shirya zamewa kafin la'asar kamar yadda ya soma yi, sai Mama ta ce fankar falo tana ƙara, ya duba mata. Daga fanka aka koma kan dutsen guga, daga nan ƙwan fitilar tsakar gida. Abincin ma ta ce sai ya gama. Rana ta yi sanyi, Yaya sai leƙen sama yake yi yana share gumi. Ya ja ni gefe ya ce lokaci zai fita, dole ya yi a nan.

Muka tsara abinmu kamar ɓarayi. Ya shiga banɗaki ya yi alwala, ya daɗe har Mama ta tambaya ko cikinsa ne ya ɓaci. Daga nan ya sulale ɗakin ajiya, inda buhun shinkafa da tsofaffin kujeru suke, ya ɓarke wani kwalin sabulu ya shimfiɗa. Sai ya juyo ya tambaye ni ina alƙibla.

"Ni da na dawo daga coci ɗazu kake tambaya, Yaya?"

Wayarsa da za ta nuna masa tana caji a falo, dab da gwiwar Mama. Ya duba hagu ya duba dama, idonsa ya faɗa kan wani tsohon kabad da ƙofarsa ta ɓalle. A ɗakinsa kabad yake kallo, ga kuma kabad. Ya fuskance shi ya ta da kabbara, ni kuma na ja ƙofa na tsaya gadi.

Ko numfashi ban gama saukewa ba na ga Mama tafe da kwano, za ta ɗebi mai. Na tare ta na ce ta kawo in ɗebo mata. Ta dube ni sama da ƙasa, ta tambaya tun yaushe na zama mai son aike, ta ture ni gefe ta buɗe ƙofar.

Yaya yana tsaye, hannuwa a ƙirji, yana tsakiyar raɗa Fatiha. An koya masa cewa mai salla ba ya magana kuma ba ya waiwaye, don haka ba halin ya ce ko uffan. Ina ganin gumi yana gangaro masa ta bayan kunne. Mama ta yi shiru, irin shirun nan nata. Tsoro ya kama ni sosai, na ce a raina shi ke nan, mun rasa Lahadinmu, Yaya ya rasa uwa.

Ta ajiye kwanon a kan buhu. Ta matsa ta kama kafaɗunsa biyu, ta juya shi a hankali zuwa wajen taga, kamar yadda take juya mu muna yara in za ta gyara mana wuyan riga.

"Ba nan ba ne," ta ce ƙasa-ƙasa. "Maƙwabciyata tankin ruwan can take kallo in tana tata sallar."

Ta dubi kwalin da yake tsaye a kai, ta fita. Ta dawo da wankakken zane daga akwatinta, ta shimfiɗa masa daidai inda goshinsa zai sauka, ta ja ƙofar ta rufe. A bakin ƙofar na tambaye ta ko ta yi fushi.

"Raina ya ɓaci, Auta, ba zan ɓoye miki ba. Kuma ke ma muna da magana. Amma ɗana ba zai yi wa Allah sujada a kan kwalin sabulu a cikin gidana ba."

Ta koma falo ta zauna, ta rage sautin rediyon da ke rera waƙoƙin coci, hawaye na zuba ba ta share ba. Da Yaya ya fito, zanen a ninke a hannunsa, ya durƙusa gabanta ya buɗe baki zai soma bayani. Ta ɗaga masa hannu.

"Bayani sai ka ƙoshi. Tashi ka ci abinci. Lahadi mai zuwa kuma a falo za ka yi, inda zan gan ka."