Sunan da Gogo Raliya Ba Ta Faɗa

Shekara ashirin da biyu Gogo Raliya tana ciyar da yaron nan, bakinta bai taɓa kama sunansa ba. Ɗan fari ne, ga shi kuma sunan surukinta aka sa masa, Hamajoɗa, kunya biyu ke nan a kan mutum ɗaya. In za ta ba shi abinci sai ta buga kwano ta ce, "Wancan, zo ka ɗauke." Shi ma ba ya ce mata Inna, Gogo yake cewa, har duk unguwar Alƙalawa ta ɗauka. In baƙo ya tambaye ta ko ɗanta ne, sai ta kau da kai ta ce, "Ban san shi ba." Duk wanda ya tashi cikin Fulanin Yola ya san amsar ke nan, sai ya yi murmushi ya ci gaba da abin da ya kawo shi. Haka uwarta ta yi, haka kakarta ta yi, ba wanda ya mutu.

Shekara biyu da yanka Jihar Arewa maso Gabas yaron ya sami jami'a, can wani gari mai tafiyar kwana biyu a babbar mota. Ubansa ya daɗe da rasuwa. Ita ta soya masa ƙuli-ƙuli, ta daka yaji, ta ɗaure a tsumma. Ranar tafiya 'yan unguwa suka raka shi tasha, ita ko ƙofar gida ba ta leƙa ba. Tana bayan ɗaki tana wanke tukunyar da ta riga ta wanke.

Da damina ta sauka ya dawo hutu, wuyansa ya yi tsawo, rigar da ya tafi da ita tana yawo a jikinsa. Ba ta tambaye shi ba, shi ma bai faɗa ba. Kwana huɗu ya yi, ya wuce garin Ngurore taya bappansa, ɗan'uwan ubansa, noma.

Yana can aka yi sallama wata rana da hantsi. Ta zo bayan asabarin zaure ta tsaya. Wani mutum ne da kakin masinja, ya jingine keke, yana riƙe da ambulan.

"Mama, sannu. Ni Silas ne, daga ofis na 'yan makaranta. Nan ne gida na Hamajoɗa? Kai ne mamansa?"

Gogo Raliya ta ji sunan ya doke ta a ƙirji. Ta kau da kai.

"Mama, kai ne mamansa?"

"Ban san shi ba."

Ta tsaya tana jira ya ajiye takardar a kan dakalin zaure, kamar yadda kowane ɗan gari zai yi. Sai ta ji ƙarar sarƙar keke. Silas wata uku ke nan da zuwansa Jimeta daga ƙauyensu na kudu, inda uwa ke kiran ɗanta da suna tun daga bakin rafi. An ce masa ba a san mutum ba, ya zaro fensir ya rubuta ba a san shi ba.

Bayan sati uku Hamajoɗa ya dawo. Ya durƙusa nesa da ita ya gaishe ta, ya jima yana murza yatsu, sannan ya ce, "Gogo, ba wani saƙo?"

"An zo neman wani," in ji ta, idonta a kan tsakin da take tankaɗe.

Ta jira ya tambaya wane ne. Shi kuma ya jira ta ƙara. Ba wanda ya ƙara, ya tashi ya shiga ɗaki. Ku ji fa, mutum biyu masu hankali, a tsakar gida ɗaya!

Wilson ne ya fasa maganar, ɗan unguwar Rumde da suka zauna ɗaki ɗaya a jami'a. Ya shigo ƙarshen damina ko sallamar kirki babu, ya tarar Hamajoɗa ya fita masallaci, sai ya sauke mata duka.

"Gogo, me ya hana shi zuwa? An kira sunansa sau uku a ɗakin jarrabawa, kujerarsa ba kowa!"

Daga bakin Wilson ta ji shekarar da yaron ya yi. Ɗakin cin abinci na mutum ɗari huɗu ne, kowa na kallon bakin kowa. Hamajoɗa, da aka koya masa cin abinci a idon jama'a abin kunya ne, sai ya riƙa jira a watse, in ya je an wanke tukwane. Da ƙuli-ƙulinta ya rayu har ya ƙare. Malami na zuba Turanci ta hanci, yara na ɗaga hannu suna cewa a maimaita, shi kuwa ba ya tambayar babba. Wilson ya yi ta jansa zuwa inda ɗalibai ke haɗuwa su yi bita tare, ya ƙi, don kada a ga abin da bai sani ba. Sai wajen wata na bakwai ya fara sakin jiki, yana bin Wilson ɗakin abinci ya zauna a lungu yana fuskantar bango, yana rubuta tambaya a takarda Wilson ya yi masa ita a aji. Ya fara kama hanya ke nan zazzaɓi ya kwantar da shi gab da jarrabawa, ya ɓoye, bai je asibiti ba. Duk da haka ya ci darasi uku, ya faɗi ɗaya. Aka ce wanda za a ba dama ta biyu zai ga takarda a gida, wanda bai gani ba ya san an sallame shi.

"Takardarsa ta fito, Gogo, ni na ga sunansa a allo. Yanzu sun ce ya ƙi zuwa, sun soke shi."

Gogo Raliya ta miƙe. Ta shiga ɗaki ta ɗauko mayafin da take zuwa gaisuwar mutuwa da shi.

Ba ta taɓa shiga ofis ba, amma ranar ta nufi na 'yan makaranta. Ta tarar da benci cike da mutane, wani akawu mai tabarau, Malam Absalom, yana bayan tebur. Silas na tsaye bakin ƙofa. Ba ta bi layi ba.

"Kai ne babba a nan?"

"Mama, ki zauna tukuna."

"Ban zo zama ba. Wannan mai keken ya zo gidana da takarda ya koma da ita. Wa ya aike shi ya koma da ita?"

Silas ya zaro ido. "Mama, ai kai ne ka ce ba ka san shi ba! Sau biyu na tambaya!"

"To sai me? Ka zo garin mutane ba ka tambayi yadda suke magana ba? Ga masallaci nan taku goma, ga mai goro a bakin hanya, ka tambayi ɗaya? Kai da aka ba ka keke sai ka ga kamar an ba ka hankali!"

Wani a benci ya yi dariya. Malam Absalom bai yi ba. Ya cire tabarau ya ce shi ya shekara goma sha ɗaya a Yola, ya san wannan al'ada, da shi ya je da ya ajiye takardar. Amma ambulan ya koma da rubutu a bayansa, kuma jami'a rubutu take karantawa. Abin da zai iya kawai shi ne ya rubuta musu roƙo da bakinta, ta dangwala yatsa.

"Rubuta."

"Sunan ɗalibin?"

"Kun san shi. Yana cikin takardunku."

"Mama, roƙon nan cewa zai yi ke uwarsa ce, kuma kuskure aka yi. Ba zan rubuta abin da ban ji daga bakinki ba. Gobe wani ya ce ni na ƙirƙira."

A bencin akwai wani tela ɗan Alƙalawa, akwai matar limamin unguwarsu da ta kawo jikanta. Gogo Raliya ta dube su ɗaya bayan ɗaya. Ta dafa tebur.

"Hamajoɗa," ta ce. Muryar ta fito ƙasa-ƙasa, sai ta sake da ƙarfi. "Hamajoɗa. Ni na haife shi. Yunwa ya sha a wurinku, ciwo ya yi a wurinku, ba wanda ya leƙa ya ga ko yana ci. Ɗaya tak ya faɗi. Rubuta haka, kada ka rage."

Ya rubuta, ta dangwala.

Kafin la'asar labari ya riga ta isa gida. Ba wanda ya yi da mugunta, amma an faɗa a shagon tela, an faɗa a bakin rijiya: Gogo Raliya ta kira sunan ɗanta a ofis, ashe yaron faɗuwa ya yi, ashe yunwa ya sha. Hamajoɗa ya je sallar magariba, dattawa suka riƙa yi masa sannu kamar wanda aka yi wa rasuwa. Wata uku ya yi yana ɓoye abin nan a cikinsa, uwarsa ta shanya shi a rana ɗaya.

Bai yi mata faɗa ba, ina ma ya yi. Kwana biyu yana gaishe ta daga nesa kamar kullum. A na uku ta buga kwano ta ce, "Wancan, zo ka ɗauke," ba wanda ya fito. Littattafansa na nan jere a kan akwati, tabarma a naɗe. Wani ɗan dako ya ce ya gan shi a bakin Binuwai yana taya lodin gyaɗa a jirgin ruwa na ƙarshe, wanda ke sauka kudu kafin ruwa ya janye. Ba wanda ya san inda ya sauka.

Bayan sati uku aka yi sallama. Silas ne, ya cire hula ya riƙe a hannu.

"Mama, kai ne maman..."

"Ni ce. Ba ni."

Ta kai wa Malam Absalom ya karanta mata. Jami'a ta karɓi roƙo. An yarda ya maimaita shekarar, in ya bayyana da kansa cikin kwana goma sha huɗu.

Tun daga ranar mutanen bakin kogi suka san ta. Da safe za ta sauko, takardar a ƙulle a bakin mayafi, ta bi masu kwalekwale ɗaya bayan ɗaya. "Hamajoɗa. Dogo ne, siriri, ba ya magana. Ɗana ne. In kun gan shi a Numan ko gaba, ku ce Hamajoɗa ya dawo, an ba shi wurinsa." Sunan da ta riƙe shekara ashirin da biyu, yanzu tana raba shi ga masunta da 'yan dako da duk wanda ya tsaya. Silas ma ya hau kekensa ran Lahadi bayan coci ya je har Ngurore, ya dawo ba labari. Wilson ya aiko cewa ya roƙi a bar gadon ɗakinsu kada a ba wani.

Ruwa ya yi ta janyewa, yashi ya fito tsakiyar kogi. Rana ta goma sha huɗu ta zauna a bakin ruwa har aka kira azahar, sannan ta tashi ta nufi ofis. Ta wuce benci, ta kwance bakin mayafi ta shimfiɗa takardar a gaban Malam Absalom.

"Mama, yau ne ya cika," ya ce a hankali.

"Na iya ƙirga. Ɗauko wata takardar ka rubuta musu. Ka ce su suka aiko wanda bai san gari ba, su suka tara yara ɗari huɗu ba su duba wanda ba ya ci ba. Ka ce ni ma na yi nawa, na faɗa da bakina. Su ƙara kwana."

"Ba za su ƙara ba."

"Ban tambaye ka ba. Rubuta. Sunansa Hamajoɗa."

Malam Absalom ya dube ta, ya jawo takarda, ya buɗe kwalbar tawada.