Sha-kauci a Gonar Alhaji Maharazu

Ba a ƙwace gonar Alhaji Maharazu ba, kuma itatuwan ɗorawarsa suna nan tsaye, ban da ɗaya da gatari ya riga ya taɓa. Maganar ta mutu ranar Talata da hantsi, a gonar da ke gefen hanyar Bakori zuwa Ɗanja, lokacin da Dakta Nkiru, masaniyar tsuntsaye kuma haifaffiyar Funtuwa, ta sauke madubin hangen nesa daga idonta.

Ƙanen Alhaji, Mannir, mai shagon takin zamani, shi ya jawo abin. Ya ɗauki hoton wani ɗan tsuntsu mai ƙyalli a kan kaucin da ya tsiro a reshen ɗorawa, ya tambayi wata manhajar waya, ta ce masa tsuntsun Kudancin Amurka ne da ke dab da ƙarewa a duniya. Mannir ya sa hoton a Fesbuk har da sunan mai gona. Kafin labarin ya zagaya kasuwar Bakori ya zama gwamnati za ta kewaye wurin da waya ta mai da shi gandun daji.

Gonar gado ce, daga ita gidan ke cin masara da dawa. Da Dakta ta aiko cewa za ta zo ta duba, maƙwabta suka ba Alhaji shawara ya kawar da ɗorawar, kauci ya tafi, tsuntsu ya bi shi. Sare itace kan jawo malaman daji, don haka aka zaɓi hanyar da manoma suka sani: a zagaye gindin da gatari a ɗaye ɓawon, itace ya bushe a tsaye kamar ajalinsa ne ya zo. Aka ɗauko Sada mai faskare, ya fara da babbar, wadda mahaifin Alhaji ya hana a taɓa.

Ya wuce rabin gindin sai ga ɗan acaba ya sauke Dakta. Ranar Alhamis suke sa ranta.

Ta gaishe da Alhaji, ta dubi gatarin, ta ɗaga madubinta. Ta daɗe tana kallon rassan.

"Baba, me kuke ce wa wannan tsuntsun?"

"Mu dai sha-kauci muka sani. Amma Mannir ya ce ba shi ba ne."

"Shi ne. Wancan na Amurka ba ya zama a Afirka ko kaɗan. Tsayawa yake cak a iska, har da baya yake tashi. Dubi naku, ya dafe reshe yana sha. Kama ce kawai, ba dangi ba ne."

"To yana cikin masu ƙarewar?"

"A'a. Suna da yawa. Ko bayan gidanmu akwai su."

"Gonar fa?"

"Taka ce, Baba. Ba wanda ya aiko ni. Hoton na gani, na ce bari in biyo tunda na zo ganin mamata."

Alhaji ya zauna a kan kunya, ya cire hula ya share kansa, ya yi hamdala a hankali.

Sada ya jingina gatarinsa. "Mannir, ka tambayi wayar taka ni ma. Wataƙila ɗan Amurka ne ni ban sani ba."

"Rufe mana baki, kai da ka fara sara ko bisimilla babu," in ji Mannir, yana tura wayar cikin aljihu.

Sai a lokacin Dakta ta zagaya gindin ɗorawar, tana shafa inda ɓawo ya saura. Ta ce shi kaɗai ke riƙe da itacen yanzu, kada a bari awaki ko wutar sharar gona su kusance shi. Alhaji ya karɓi adda da kansa ya nufi ƙayar da zai yi shinge.

Mannir ya goge hoton a ranar. Ko ɗorawar za ta rayu, Dakta ta ce ba za a sani ba sai damina ta sauka.