Hayaƙi a Hanyar Doma

Motar Terseer takan kwana lafiya ta tashi ba lafiya. Da yamma batir cike, da safe a murɗa makulli a ji "ƙat", shi ke nan. Maƙwabtansa a Akurba sun gaji da turi, har in suka hango ya ɗaga bonet sai kowa ya tuna bayan gida na kiransa.

Babandi mai riwaya, wato mai gyaran wutar mota, ya duba, ya gaya masa gaskiya. "Akwai abin da yana shan wuta in mota ya kwana, wannan sai na bi waya ɗaya-ɗaya. Amma wayan da ya haɗa inji da bodi ya ruɓe, shi ne yana ba ni tsoro. Wuta in bai samu hanya ba, zai nemi hanya da kansa."

Terseer ya yi kunnen uwar shegu, wai sai kakar doya ta wuce. Ya koma gida ya zama likitan kansa. Kan batirin da ya saba bari sako-sako, ya sa sifana ya ɗaure shi tam, wai ta nan wutar ke zurarewa.

Ranar Laraba ya ɗauki mahaifiyarsa, Mama Iveren, zai kai ta Doma wurin mai magani. Ƙafafunta sun mutu tun bara, don haka sungumarta ya yi ya ajiye a kujerar gaba. Tankin motar ya daɗe da hujewa. Galan ɗin fetur ne a gaban kujerar, da tiyo ya ratsa zuwa inji, kamar yadda masu tsofaffin motoci ke yi. Ya gyara mata ƙafa ɗaya nan, ɗaya can, galan a tsakiya.

Sun bar gari, rana ta take, motar ta faɗa wani rami ta mutu. Ya murɗa makulli, ta yi gurnani. Ya sake murɗawa, ya riƙe, ya ƙi saki. Sai warin roba. Totur ya yi zafi har ya ji ta cikin silifas. Ya zare makulli gaba ɗaya, amma gurnanin bai tsaya ba.

Ya sunkuya ya leƙa. Hayaƙi ne ke fitowa daga ƙarƙashin dashbod, daidai saman galan.

"Terseer, wani abu yana ƙona," in ji Mama.

Ya diro, ya ɗaga bonet, ya damƙi kan batir zai fizge. Ko motsi. Shi ya ɗaure da hannunsa, sifanan kuma yana gida. Ya zaga ƙofar Mama, mariƙin ya karye a hannunsa. Tsoro ya kama shi, irin wanda ke sa babban mutum kiran uwarsa, ga uwar kuma a cikin mota tana tari. Ya zura jiki ta taga ya kama ta, nauyinta ya ƙi tasowa.

Wata mata mai ɗauke da itace ta jefar da kayanta ta sheƙo da adda. "Wane waya? Nuna mini!"

Ya nuna mata wayar batir. Sara biyu, tartsatsi ya tashi, gurnanin ya mutu.

Ta ƙofar direba suka jawo Mama, suka kwantar da ita a inuwar mangwaro. Galan bai kama ba. Terseer ya durƙusa zai gyara mata zane, sai ya ga bayan ƙafarta. Narkakkiyar roba ta ɗiga a wurin, ta ci fata har nama, kuma da alama tun ɗazu take ɗiga.

Mama Iveren ta dube shi hankali kwance.

"Kai, mene ne kana kuka? Ba abin da ya taɓa ni."