Kitsen Ƙoda

"Ɗauke min wannan abin daga gabana," in ji Mahauci.

Auta ba ta ɗauke ba. Ta tsaya kan mahaifinta da kwanon a hannu. Shinkafa ce fara fat, da kabeji da aka tafasa a ruwa, ko ɗigon mai babu.

"Baba, cokali biyu kawai."

"Ko akuya aka ba wannan sai ta kai ƙara."

Mai Famfo yana zaune bakin ƙofa a kujerar roba, hannuwansa kan gwiwa. Katanga ɗaya ce ta raba gidajensu tun Auta ba ta fara tafiya ba. Ya gyara murya.

"Ci mana, tsohon banza. Abin da ka cusa wa cikinka shekara da shekaru ake wankewa."

"Wa ya sa da kai, mai yashe ƙazanta?"

"Ƙazantar taka ce nake yashewa."

Ba ƙarya ya yi ba. Duk tsawon zamansu, shi ke buɗe magudanar gidan Mahauci in ta toshe. Ya zura doguwar waya, ya murɗa, ya jawo, sai ga kitse fari ya daskare kamar kyandir, ya cika bakin bututu sai ɗan ramin da bai wuce na allura ba. Kullum sai ya yi faɗa. Kullum Mahauci sai ya yi dariya ya miƙa masa nama.

Shi ya sa ranar da aka dawo da Mahauci daga asibiti, aka ce likita ya ce hanyoyin jinin zuciyarsa sun cushe da kitse, Mai Famfo bai ma tsaya jin sauran ba. Wannan aikinsa ne. Ya kira Auta gefe, ya nuna mata wani guntun bututu da ya yanke, ya sa ta leƙa ciki.

"Kin gani? Haka cikin ubanki yake. Bututu ba ya son maiƙo, ko kaɗan. Kada ki sake ya ga mai, ko na gyaɗa, ko na me. Da safe ki ba shi ruwan zafi."

Auta ta leƙa, ta tsorata. Tun daga ranar ta kwashe duk wata kwalbar mai ta kai gidan ƙawarta. Maganar Baba Mai Famfo a layin nan ba a musa ta, shi ma bai saba a musa ba.

To ga shi yanzu. Mutumin da a da yake saɓa cinyar bijimi a kafaɗa ya shiga da ita shago, rigarsa ta koma kamar an rataye ta a ƙusa. Fatar hannunsa ta bushe ta yi furu-furu. Ya juya fuska bango, kwanon ya huce a kan tebur.

Da hantsi nas ɗin da ke zuwa duba shi ta iso. Mace ce mai jiki, mai saurin magana. Ta auna shi, ta taɓa ƙafafunsa da suka kumbura, ta murza fatar hannunsa. Sai idonta ya faɗa kan kwanon.

"Wannan na waye?"

"Na Baba ne," in ji Auta.

"Ina man?"

Auta ta kalli Mai Famfo. Shi kuwa ya miƙe zaune sosai.

"Ni na hana. Na san aikin kitse a bututu."

Nas ta ja shi tsakar gida tare da Auta, ta sassauta murya.

"Baba, mutum ba bututu ba ne. Abin da ya ci ba ya kwarara cikin jijiya yadda ake zuba ruwan wanke-wanke. Ciki ne ke narka shi, hanta ta sarrafa, abin da ya taru kuma a jikin bangon jijiya yake taruwa, a hankali, cikin shekaru. Ruwan zafi ba ya kaiwa can."

"Likita ya ce kitse."

"Ya ce a rage mai daskarewa. Bai ce a hana mai ba. In ka ɗaure miƙaƙƙun bututai wuri ɗaya, yaya suke kwanciya?"

"Su haɗe tsaf."

"Lanƙwasassu fa, masu gwiwa?"

"Ba sa jeruwa. Kowanne da inda ya nufa."

"To haka abin yake. Ƙwayoyin kitsen dabba yawanci miƙaƙƙu ne, shi ya sa da ya huce sai ya haɗe ya daskare. Na man gyaɗa da na zaitun yawancinsu da lanƙwasa, sai su zauna ruwa-ruwa. Kuma jiki na buƙatar mai. Akwai irin da ba ya iya ƙera wa kansa, sai ya ci. Akwai abubuwan gina jiki da ba sa shiga sai da maiƙo. Dubi fatarsa."

Mai Famfo ya dubi ƙasa. Akwai wani famfo a kusurwa yana ɗiga, ya daɗe yana cewa zai gyara.

Nas ta dafa kafaɗar Auta. "Ƙanwata, ki saurare ni. Zuciyar ta gaji, ba abinci ne zai dawo da ita ba, ba kuma abinci ne zai ɗauke shi ba. Sauran kwanakin ba su da yawa. Abin da ransa ke so, ki ba shi."

Ta ɗauki jakarta ta fita. Auta ta zauna kan bokiti ta rufe fuska da mayafi. Mai Famfo ya tsaya kanta. Bai iya maganar lallashi ba. Ya fita bai yi sallama ba.

Kai tsaye ya nufi kasuwa, wurin wanda ya gaji shagon Mahauci.

"Baba, yau nama? Tsoka ko ƙashi?"

"Kitse. Na jikin ƙoda."

Mutumin ya tsaya da wuƙa a sama. "Kai? Kai da kake cewa guba ne?"

"Yanka ka ba ni, ban zo hira ba."

Ya sha jin Mahauci yana cewa duk jikin bijimi babu kitse kamar na ƙoda, mai tauri, mai tsabta, wanda ke ɓarewa a hannu. A gida ya yayyanka shi ƙanana, ya zuba a kasko, ya ɗora a wuta. Fari ya koma ruwa, ruwan ya yi garau. Ƙamshi ya tsallake katanga. Ya tace a ƙaramin faranti, ya barbaɗa gishiri, ya gasa yankan burodi, ya ɗauka.

Auta ta tare shi a ƙofa. Idanunta sun yi ja.

"Baba, mene ne wannan?"

"Kin gani ai."

"Kai ka nuna min bututun. Har mafarkinsa nake yi."

"Na nuna miki."

"In ya ci wani abu ya same shi fa?"

"Ki ce ni ne." Ya gyara riƙon farantin. "Ƙarfe na sani, Auta. Ban san mutum ba. Matsa."

Ta matsa.

Mahauci ya riga ya juyo daga bango, hancinsa na motsi.

"Wa ke narka kitse a layin nan?"

"Tashi ka gani."

Suka tayar da shi, Auta ta sa masa matashi a baya. Ya kalli farantin, ya kalli maƙwabcinsa.

"Kai ne? Duniya ta zo ƙarshe."

"Ci, ko in mayar."

Bai taɓa burodin ba tukuna. Ya tsoma babban yatsa cikin kitsen da ya fara kamawa a gefe, ya kai baki, ya lumshe ido. Suka jira.

"Ka cika masa wuta," ya ce. "Kitse ba a gaggawa da shi. Wuta kaɗan, ka bar shi ya yi kuka da kansa."

"Ka ji ɗan rainin wayo."

"Amma na ƙoda ne. Wannan ka yi daidai."

Ya dangwali burodin ya ci, ya ƙara, maiƙo yana sheƙi a leɓensa. Auta ta juya baya tana gyara labulen da ba abin da ya same shi. Da ya ƙoshi ya ture farantin.

"Ajiye min sauran a taga. Gobe."

"In ya toshe maka magudana kada ka kira ni."

"Wa zan kira? Akwai wani mai arha kamarka?"

Da yamma Auta ta je ta karɓo kwalaben man daga gidan ƙawarta. Ta yi masa romo da ɗan man gyaɗa, ya sha rabi. Washegari ma ya sha. Farantin kuwa bai ƙara tambayarsa ba, barci ya fi yawa. Mai Famfo ya gyara famfon kusurwa, ya dawo kujerarsa, ya zauna ba mai tsokanarsa.

Wata safiya yana ɗaure kayan aikinsa sai ya ji muryar Auta ta katanga. Ba ihu ta yi ba. Sunansa kawai ta kira, "Baba Mai Famfo," sau ɗaya. Ya ajiye jakar.

Bayan an kai Mahauci makwancinsa an dawo, mutane suka yi ta shiga da fita ana Allah ya jiƙansa, har gidan ya koma shiru. Auta ta shiga tattara kwanuka. Ta miƙa hannu taga, ta sauko da ƙaramin farantin.

"Naka ne, Baba. Bari in wanke maka."

"Kada ki zuba a magudana."

"Na sani."

"Kawo nan."

Ya karɓa ya shiga gidansa. Ya ɗora tukunyar ruwa a wuta, ya ɗauko tsumma, ya zauna da farantin a cinya. Kitsen ya daskare fari sol. A gefe ɗaya ga wurin da babban yatsa ya shiga, har zanen fatar ya fito.

Ruwan ya tafasa, ya yi ta tafasa. Mai Famfo ya tashi ya kashe wutar. Ya matsar da sifanu a kan kantar kayan aikinsa, ya yi wa farantin wuri a inda rana ba ta kaiwa.