Sanarwar Rasuwar Fernande

A tasharmu ta rediyo doka ɗaya ce ba a wasa da ita: ba a karanta sanarwar rasuwa sai makusantan mamaci duk sun ji daga bakin mutum. Sauran dokokin kam muna taka su son ranmu. Ni ne mai kula da na'urori, na tsufa a bayan gilashin nan da ya raba ni da ɗakin masu karanta shiri, kuma sau ɗaya tak na ga an karya wannan dokar, a kan Fernande Plourde.

Da tsakar rana muke shirin saƙon daji. Duk faɗin arewacin nan mu kaɗai ke magana da Faransanci, sauran tashoshin Turanci suke zuba wa mutane ko sun ji ko ba su ji ba. Masu saran itace da masu ɗana tarko, inda babu waya babu hanya, sha biyu na yi za su ajiye cokali su kunna rediyo. Ghislaine Thibeault ce ke karantawa: wane, matarka ta sauka lafiya, mace ce, wane, an aiko maka da man fitila, yana wajen limamin coci. Mu muna magana, su ba su da bakin amsawa.

A shekarar narkewar ƙanƙarar da ke rufe tafkuna ta zo da wuri. Adélard Plourde, mijin Fernande, yana bukkarsa ta tarko a ƙetaren tafkin Sarcelle tun farkon sanyi, ya saba sai ƙanƙara ta gama narkewa ruwa ya buɗe yake dawowa da fatunsa a kwalekwale. Sai ciwon zuciya ya kayar da Fernande a kicin. 'Yarsu Jocelyne ta bugo mana waya daga asibiti a ruɗe, Ghislaine ta karanta yadda aka ba ta: Adélard, Fernande na asibiti, jiki ya yi tsanani.

Tana rufe baki na buga gilashin da hannu.

"Ke Ghislaine! Kin ga tafki kuwa a makon nan?"

Ta kalle ni, sai na ga fuskarta ta sauya. Ƙanƙarar tafki ta riga ta yi baƙi, ta ruɓe daga ƙasa. Jirgin sama ba ya iya sauka a kanta, kwalekwale ba ya iya ratsa ta. Mai hankali ba ya taka ta a irin wannan lokaci. Shi kuwa Adélard duk garin nan an san taurin kansa, kuma yana da babur ɗin ƙanƙara a ƙofar bukka.

Daga ranar kullum sai mun sa saƙo ɗaya sau biyu, a farkon shiri da ƙarshensa: Adélard, kada ka hau ƙanƙara, iyalinka na roƙonka ka jira ruwa. Ni dai na san aikin banza muke. Mutumin da aka ce wa matarsa na kwance rai a hannun Allah, ka ce masa ya zauna ya sha shayi?

Fernande ta cika da safiyar wata Alhamis. Kafin sha ɗaya Jocelyne ta shigo tasha, ko rigar sanyinta ba ta ɓalle ba, ta zauna a bencin baƙi.

"Ku ci gaba da ce masa ya jira," ta ce. "Kada ku faɗi komai. Ni zan gaya masa da bakina in ya fito."

Shugaban tasha, Mista Corriveau, ya gyaɗa kai. Shi dama mutum ne mai son doka kamar ita ta haife shi.

"Haka tsarin yake, Madam. Ba za mu karanta ba."

Ghislaine ta jawo kujera ta zauna gaban Jocelyne har gwiwoyinsu na taɓa juna. Tare suka yi makarantar 'yan sista ta coci.

"Jocelyne, Baba Adélard fa muke magana. Me yake yi yanzu, a ganinki?"

"Yana jira."

"Haba ke kuwa. Kin taɓa ganin ya jira ko da tukunya ta tafasa? Yana bakin tafki da sanda yana bubbuga ƙanƙara, yana neman inda za ta ɗauke shi. Muddin yana zaton Mama na numfashi, zai taho. Yau ko gobe."

"To in gaya masa a rediyo? Shi kaɗai, ba ko wanda zai riƙe masa hannu? Kin haukace ne?"

"In ya ji, ba sauran abin da zai yi wa sauri."

Corriveau ya fara cewa wani abu a kan dokar hedkwatarmu. Na ce masa, "Ranka ya daɗe, hedkwata ba ta san launin tafkin nan ba, ka bar matan nan su gama magana." Ya harare ni, amma ya bar su, kuma har gobe ina ganin girmansa saboda hakan.

Jocelyne ta dubi takalmanta da suka jiƙa mana ƙasa. Can ta ce, "Ki karanta a hankali. Kunnensa na hagu ba ya ji."

Sha biyu ta yi, na kunna jar fitila, alamar an fara shiri. Ghislaine ba ta fara da saƙon kowa ba. Ta ce, "Adélard Plourde, a ƙetaren Sarcelle, in kana tsaye ka zauna." Ta yi shiru. A aikinmu shiru abin tsoro ne, hannuna har ya kai kan maɓallin kiɗa, na janye shi. Sannan ta karanta sanarwar yadda muke karanta ta kowa, ba ƙari ba ragi, daga sunan mamaciya har zuwa waɗanda ta bari. Ta ƙare da cewa ƙasa na daskare, ba ta saki ba tukuna balle a haƙa kabari, gawa na ɗakin ajiya na maƙabarta, ba za a binne ba sai ya zo.

Ban taɓa jin tausayin wanda ba na gani kamar ranar ba. Daga nan ba mu da abin yi sai jira, ba mu san ko ya ji ba, ba mu san ko tuni yana ƙarƙashin ruwa ba. Jocelyne kullum da yamma tana bakin tafki.

Da ruwa ya buɗe, wani mai kamun kifi ya hango kwalekwale. Shi ne. Aka binne Fernande ranar Asabar, ranar Litinin sai ga shi a tasha, hula a hannu, ya rame sai ƙasusuwan fuska.

Ghislaine ta miƙe. "Baba Adélard, ka yafe mini."

"Zauna, 'yar nan. Na riga na zuba wa babur mai. Cewa na yi bari in ji saƙon rana tukuna sannan in tashi." Ya juya hular a hannunsa. "Ba wannan ya kawo ni ba. Kina faɗin sunanta na kashe rediyon. Ban ji sauran ba."

"Sauran?"

"Inda ake cewa ta bar wane da wane. Na ji na mutane da yawa a bakinki. Nata ban ji ba."

Ghislaine ta kalle ni ta gilashi. Ban kunna komai ba, na dai rufe ƙofa. Ta zaunar da shi a kujerar baƙo, ta koma ta wajen kunnensa na dama, ta gyara murya irin ta aiki, ta faro daga farko. Da ta zo kan "ta rasu ta bar mijinta, Adélard," ya ɗaga hannu.

"Tsaya nan," ya ce. "Sake faɗa."